Tabon Ganɗa: Kada Rashin Zafinsa Ya Ruɗe Ku

Akwai wani tabo da ke fitowa a ganɗa, can rufin baki inda harshe ke kwanciya, wanda ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya hana mutum cin tuwonsa. Ja ne mai duhu, wani lokaci ya ɗan yi shunayya, wani lokaci ya koma launin hanta. Da farko a shafe yake, ko yatsa ka kai ba za ka ji tudu ba. Mai shi yakan yi watanni bai san da zamansa ba, domin ba kowa ke ɗaga kai a gaban madubi ya leƙa rufin bakinsa ba. Wanda ma ya gani sai ya ce jini ne ya kwanta, ko shayi ne ya ƙona shi, ko rinin goro ne bai fita ba. A kan wannan tabo nake jan kunnen jama'a. Sau da yawa shi ne sallamar farko ta ciwon dajin da likitoci ke kira Kaposi, kuma a ƙasashenmu idan ya bayyana a bakin mutum, abin da likita zai fara nema shi ne gwajin HIV. Mutane da dama ta wannan tabon aka fara gane suna ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, bayan ta yi shekara da shekaru tana cinsu a ɓoye.

Mun saki jiki da ƙanjamau, gaskiyar magana ke nan. Tun da aka daina ganin marasa lafiya sun zama fata da ƙashi a gadajen asibiti yadda aka gani a shekarun 1990, sai muka ɗauka an gama. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, jimilla wajen mutum miliyan 1.9 idan aka haɗa yara da manya. Shiyyar Arewa maso Yamma ce ta zo da mafi ƙarancin kaso, 0.6 cikin ɗari, kuma har yau akwai masu kafa hujja da wannan adadi suna cewa ciwon ba namu ba ne. To a lissafa 0.6 cikin ɗari na baligan Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, a gani ko ƙaramin taro ne. Kuma inda ake ganin ciwo na wasu ne can, a nan aka fi makara wajen gwaji. Makarar nan kuwa ita Kaposi ke jira.

Alƙaluman cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 mutum wajen 34,000 ne suka kamu da Kaposi a duniya, wajen 15,000 suka mutu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na masu ciwon a Afirka suke. A Turai da Amurka ya ja baya ƙwarai tun da aka samu haɗin magungunan HIV masu ƙarfi a 1996. Mu aka bari da shi.

Ciwon ya girmi ƙanjamau nesa ba kusa ba. Wani likitan fata ɗan ƙasar Hangari mai suna Moritz Kaposi ne ya fara bayyana shi a 1872, yana aiki a Biyana ta ƙasar Ostiriya. A wancan zamani ciwon tsofaffin maza ne, yana fitowa a ƙafa, yana tafiya a hankali. An kuma san shi a Yuganda da gabashin Kwango tun kafin a ji sunan HIV. Abin da ya girgiza likitoci shi ne rahoton Yulin 1981 daga Amurka, inda aka ga wannan ciwo na tsofaffi a jikin samari a New York da Kalifoniya, yana gudu, yana shiga baki da hanji da huhu. Yana cikin alamun farko da duniya ta gane wata sabuwar annoba ta sauka. Bayan 'yan shekaru, a Kampala da Harare, Kaposi ya zama dajin da ya fi kowane yawa a tsakanin maza. Sai a 1994 Yuan Chang da Patrick Moore na Jami'ar Kolombiya suka gano mai laifin, wani bairas da aka sa wa suna HHV-8.

Wannan bairas a yawu ya fi yawo. A wasu sassan Afirka fiye da rabin manya suna ɗauke da shi, yawancinsu tun suna yara suka samu, kuma mafi yawansu za su tsufa su mutu bai taɓa yi musu komai ba. Tambayar da ta kamata kowa ya yi ita ce, me ya sa zai zauna shiru a bakin mutum dubu, sannan ya zama ƙari a bakin ɗaya? Amsar tana cikin abin da ke faruwa da sojojin jiki a fatar baki, kuma a nan nake so mai karatu ya ba ni aron hankalinsa, domin wanda ya gane wannan ba zai sake wasa da maganinsa ba.

Baki ƙofar gari ce. Duk abin da zai shiga ciki ta nan yake bi, da abinci da ruwa da ƙura da ƙazantar hannu. Don haka Allah bai bar ƙofar haka ba. A cikin siririyar fatar da ta lulluɓe ganɗa da dasashi da harshe akwai wasu ƙwayoyin garkuwa masu dogayen rassa, sun miƙa su tsakanin sauran ƙwayoyin fata suna lalube dare da rana. Wani ɗalibin likitanci a Jamus, Paul Langerhans, shi ya fara ganinsu a 1868, shi ya sa ake kiransu da sunansa. Aikinsu na sarkin ƙofa ne. In baƙon abu ya shigo sai su cafke shi, su gutsuri alamarsa, su tashi su tafi da ita zuwa kaluluwar wuya, wadda ita ce fada. A can za su nuna wa ƙwayoyin CD4 alamar. Su CD4 ba su ne masu kisa ba, su ne masu ba da umarni: su ke ta da ƙwayoyin CD8 masu farautar duk ƙwayar jikin da bairas ya shiga, su ke zuga masu ƙera sinadaran kariya, su ke kiran masu haɗiye ƙazanta su zo su share wuri. Muddin wannan tsari yana tafiya, HHV-8 ba ya iya ɗaga kai. Yana nan a ɓoye, amma da ya motsa za a murƙushe shi.

HIV kuwa kai tsaye masu ba da umarnin yake nufa. Lafiyayyen mutum yana da CD4 tsakanin 500 da 1,500 a ma'aunin da asibiti ke amfani da shi. Wanda ya kamu bai sha magani ba, adadin yana zaizayewa shekara bayan shekara, har ya faɗi ƙasa da 200, matakin da ake cewa cutar ta yi nisa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɓarnar tana fara yin muni a fatun ciki masu laima, musamman hanji, tun makonnin farko, lokacin da mutum yake ganin kansa garau. Su ma ƙwayoyin Langerhans ba su tsira ba, domin suna da irin mashigar da HIV ke bi. Tun shekarun 1980 likitocin fata suka lura sun ragu kuma sun raunana a jikin masu ƙanjamau. Daga baya masu bincike a Barazil suka duba harsunan mutanen da cutar ta kashe, suka tarar waɗannan ƙwayoyi sun yi ƙaranci ƙwarai idan aka gwada da na waɗanda wani abu dabam ya kashe. Ke nan mai kai rahoto ya ragu, wanda za a kai wa rahoton ma ya ragu. HHV-8 ɗin da ya yi shekara talatin a kwance sai ya miƙe.

Kuma ba haka kawai yake miƙewa ba, yana da makirci iri iri. Kowace ƙwayar jiki tana da wata alama a bayanta da take nuna wa CD8 abin da ke cikinta. HHV-8 yana ƙera wasu sinadarai biyu, K3 da K5, waɗanda aikinsu shi ne janye wannan alama su mayar da ita ciki a narkar, sai mafarautan su wuce ba su ga komai ba. Yana da wani sinadarin, LANA, da ke danne p53, wanda shi ne ke tilasta wa ƙwayar da ta lalace ta mutu maimakon ta ci gaba da haihuwa. Yana ƙera kwaikwayon wani saƙon kumburi na jiki, yana kuma sa a yi ta fitar da sinadarin da ke tsiro da sababbin hanyoyin jini. Yana iya shiga cikin ƙwayoyin kai rahoton su kansu, ya rage musu ƙarfin ta da CD4. A gefe guda shi ma HIV yana fitar da nasa sinadarin, Tat, wanda aka nuna tun 1990 yana ƙara wa ƙwayoyin Kaposi saurin yaɗo. Cuta biyu ce suka haɗa kai a wuri guda.

Idan likita ya yanki ɗan mitsitsin nama daga tabon aka rina shi aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin da ake gani yana da ban tsoro da ban mamaki. Za ka ga dogayen ƙwayoyi masu tsini gaba da baya sun jeru dami dami. A tsakaninsu akwai 'yan tsage tsage, hanyoyin jini ne da aka gina a gaggauce ba su da bangon kirki, jajayen ƙwayoyin jini sun tsiyayo sun watsu cikin nama. Inda suka mutu suka ruɓe sai su bar ɗigon ƙasa ƙasa na sinadarin ƙarfe. Wannan jinin da ya tsiyaye shi ke ba tabon launinsa, shi ya sa ko ka danna ba ya washewa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wurin ba fayau yake ba. Cike yake da ƙwayoyin garkuwa, da masu haɗiye ƙazanta da masu ƙera kariya da sauransu. Sun zo, amma babu mai tsara su. Maimakon su kashe ƙarin, sinadaran kumburin da suke zubarwa su ne ke ciyar da shi, kuma da yawa daga masu haɗiye ƙazantar sun juya zuwa irin da ke kwantar da faɗa yana taya gina hanyoyin jini. Jiki ya koma yana yi wa maƙiyinsa hidima.

Daga nan sai tafiya ta miƙa. Tabon da yake a shafe ya fara kauri, ya yi tudu, ya zama curi. Bayan ganɗa, dasashi ne wuri na biyu da ya fi so, sannan harshe. A dasashi yakan tsiro tsakanin haƙora ya rufe su, ya sa su girgiɗi. Mutum ya sa asuwaki ko buroshi sai jini. Ya fara tauna naman bakinsa tare da abinci, wurin ya fashe ya zama gyambo, baki ya yi wari, magana ta canza. Daga tuwo a koma kunu, daga kunu a koma ruwa. Mutumin da dama cuta ta rage masa ƙarfi ga shi kuma ya kasa ci, har haɗiye maganin da zai cece shi ya zama aiki. A wajen mutum ɗaya cikin biyar masu Kaposi na ƙanjamau, a baki ciwon ke fara fitowa, kuma fiye da rabi zai kai bakinsu ko ba jima ko ba daɗe. Ma'aunin da likitoci ke bi tun 1989 ya raba abin gida biyu: tabo a shafe da bai wuce ganɗa ba yana cikin rukunin da ake sa rai sosai, amma wanda ya yi curi ya mamaye baki an haɗa shi rukuni ɗaya da wanda ya shiga hanji ko huhu. Tsakanin rukunin farko da na biyu wani lokaci 'yan watanni ne kawai. Waɗannan watannin ne muke ɓatarwa wajen kurkure baki da ruwan gishiri.

Ba Kaposi kaɗai ke shigowa ta wannan ɓaraka ba. Akwai wani dajin ƙwayoyin garkuwa mai tsananin gudu da aka fara bayyanawa a 1997 a bakunan masu HIV, yana kumbura dasashi da muƙamuƙi cikin makonni, sau da yawa a ɗauka ciwon haƙori ne a cire haƙorin, ramin ya ƙi warkewa. Yana da alaƙa da wani bairas ɗin, EBV. Shi dai EBV ɗin ne ke kawo farin zane a gefen harshe wanda ba ya gogewa, wanda Deborah Greenspan da abokan aikinta suka bayyana a San Francisco a 1984. Wannan ba daji ba ne, amma an ga ƙwayoyin Langerhans sun kusa ɓacewa a wurin da yake fitowa, kuma shaida ce garkuwa ta yi ƙasa. Haka farin fumfunar da ke rufe harshen baligi, a goge ta bar ja, ta koma ta dawo.

Duba baki ba ya cin ko kwabo. Ka kurkure da ruwa, in kana cin goro ka bari rinin ya fita. Ka tsaya inda haske yake, ka kunna fitilar wayarka, ka ɗaga kai ka ce "aa". Ka dubi ganɗa tun daga bayan haƙoran sama har zuwa beli. Ka ɗaga leɓe ka dubi dasashi sama da ƙasa, ka zaro harshe ka dubi gefensa da ƙarƙashinsa. Da yawanmu dasashinmu baƙi ne tun haihuwa, wannan halitta ce, yana nan hagu da dama daidai, bai canza ba tun yarinta. Abin nema shi ne sabon abu: tabo ja mai duhu ko shunayya da ba ka san shi ba, curi, ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba. A fatar jikinmu mai duhu Kaposi yakan ɓoye, ya yi kama da tabon ƙuraje, amma a baki ba shi da wurin ɓuya. Sai dai in mun ɓoye shi da kanmu, domin shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambon baki yana rine wurin gaba ɗaya, likita ya duba bai ga launin gaskiya ba. Kada a shafa komai kafin a je asibiti.

Ba kowane tabo ne Kaposi ba, kuma ba kowane mai Kaposi ne ke da HIV ba. Wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin danne garkuwa ma yana iya samu. Ido ba ya yanke hukunci, sai an gwada jini an kuma duba naman. Saboda haka wanda ya karanta wannan ya tafi yana leƙa bakin mutane yana nuna su da yatsa, ya ɗauki alhaki, kuma ya taimaka wa ciwon, domin tsoron bakin mutane ne ke hana marasa lafiya fitowa. Najeriya tana da dokar hana wariya ga masu HIV tun 2014. HIV ba ya bin yawu, ba ya bin kwano ko moɗa ko gaisawa.

Yanzu ga inda muke kashe kanmu da hannunmu. Ƙari ya fito a baki, sai a ce jini ne ya taru, a kira wanzami ya yi sakiya. Ina girmama wanzamai, sana'a ce ta gado, amma wannan ba aikin aska ba ne. Kaposi curin hanyoyin jini ne. In aka tsaga shi ba mugunya za ta fito ba, jini ne zai ɓalle, a cikin baki, kusa da maƙogwaro, a jikin mutumin da dama jininsa ya yi ƙasa. Ramin da aka bari ƙwayoyin cuta za su cika shi, ƙarin kuma ya dawo ya fi da. Askar da aka yi aikin da ita, in ba a dafa ta ko an canza ta ba, tana iya kai HIV jikin yaron da za a yi wa kaciya gobe. Wanzamin da ya san darajar sana'arsa, in ya ga irin wannan, ya mayar da askarsa zabira ya ce a tafi asibiti.

Wanda ya fi wannan haɗari, saboda a ɓoye ake yinsa, shi ne maganin ƙiba. Mutum ya fara ramewa, tsoron kada a gane ya kama shi, sai ya nufi kemis ya sayi sha-ka-fashe. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna akwai deksametazon ko firednisolon a ciki, kuma aikin waɗannan magunguna na asali shi ne danne garkuwar jiki. Kumatu za su ciko, mutane su ce ma sha Allah ya murmure, alhali ɗan abin da ya rage na sojojin jikinsa ake tattakewa. Likitoci sun daɗe da sanin irin waɗannan magunguna suna ta da Kaposi, suna sa tabo ɗaya ya zama goma, suna iya tura shi huhu. Akwai lokutan da likita kan ba da su bisa larura yana sa ido, wannan dabam. Amma mai kemis ɗin da ke ƙirga su a leda ya miƙa wa ramammen mutum ba tare da takardar likita ba, ya ji tsoron Allah. Kuɗin da ya karɓa bai kai nauyin abin da ya ɗauka ba.

Sai maganar nan da ta zauna a bakin jama'a, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta binne mutane da yawa. A kan Kaposi ma ta fi zama ƙarya, domin yana cikin dajin da suka fi jin magani. Tushen maganinsa shi ne a dawo da garkuwa. Mutum ya fara shan maganin HIV, wanda a Najeriya yanzu mafi yawa ƙwaya ɗaya ce a rana, TLD, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin da aka ware. Bairas ɗin ya faɗi a jini, CD4 su fara hayayyafa, mafarauta su dawo bakin aiki. Ga mutane da yawa da ciwonsu bai yi nisa ba, wannan kaɗai ya isa tabon ya dushe cikin watanni. Wanda nasa ya yi nisa sai an haɗa masa da allurar kashe daji ta jijiya. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka da Barazil, aka wallafa a 2020, ya nuna faklitaksel ya fi sauran magungunan da aka saba bayarwa a ƙasashe marasa ƙarfi aiki. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Jos da Maiduguri suna da likitocin baki da muƙamuƙi da masu duba nama. Neman magani bai saba wa tawakkali ba, malamanmu sun sha faɗa. A yi addu'a, a sha rubutu in ana so, amma a haɗiye ƙwayar.

Akwai wani abu da ya wajaba a gaya wa duk wanda zai fara magani alhali yana da tabon. A watanni ukun farko, yayin da garkuwa ke farfaɗowa, wasu sukan ga tabon ya ƙara kumbura, ya yi zafi, ko sababbi sun fito, fuska ko ƙafa ta kumbura. Sojojin da suka dawo ne suka afka wa wurin da ƙarfi. A daidai nan dangi ke taruwa su ce ka gani, maganin Bature ne ya ta da ciwon, a bari. Kada a bari. A koma asibiti a ranar, musamman in numfashi ya fara wahala ko ana tari da jini, domin a nan ne ake buƙatar ƙara allurar daji. Wanda ya ajiye maganin a wannan gaɓa ya yar da igiyar da ake jawo shi da ita.

Barin magani shi ne babbar ƙofar da ciwon ke dawowa ta ciki, kuma ƙofar tana ƙara faɗi. Wani ya ji sauƙi ya ga ya yi ƙiba, ya ce ya warke. Wata ta yi sabon aure tana tsoron miji ya ga kwalbar. Wani ya tafi ci-rani ya bar katinsa a gida. Wasu rikici ya raba su da garuruwansu da asibitin da suka saba. Wasu kuma masu da'awar warkarwa ne suka ce su zubar. Mun ga ƙarshen irin wannan a Gambiya, inda a 2007 shugaban ƙasar na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyaye, aka sa marasa lafiya suka bar magungunansu. Hukumar bin diddigin gaskiya da aka kafa bayan faɗuwarsa ta saurari yadda mutane suka mutu a wannan shiri. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A kan wannan kuma ga matsalar kuɗi. Shirin PEPFAR na Amurka, wanda aka kafa a 2003, shi ya daɗe yana ɗauke da babban kaso na maganin HIV a Afirka, kuma dakatar da tallafin waje da gwamnatin Amurka ta yi a Janairun 2025 ya girgiza asibitoci da ma'aikata a ƙasashe da dama. Ya kamata gwamnatocinmu, na tarayya da na jihohi, su ji kunya a ce ran talakansu yana rataye da sa hannun shugaban wata ƙasa. Maganin HIV ba ya kashe HHV-8, ba ya kuma fitar da HIV daga jiki. Danne shi yake yi. Ranar da aka daina sha, cikin makonni bairas zai dawo jini, CD4 su fara zubewa, duk abin da na bayyana a sama ya sake farawa.

Iyaye mata da kakanni, akwai taku. Al'adar tauna nama ko gyaɗa a sa wa yaro a baki soyayya ce, na sani, amma hanya ce ta kai yawun babba bakin jariri. Masu bincike a Zambiya da wasu ƙasashe sun danganta yaɗuwar HHV-8 tsakanin yara da irin waɗannan ɗabi'u. An kuma samu yaran da suka kamu da HIV ta wannan hanya, inda mai taunar take da cutar kuma dasashinta yana jini. A daka, a murje da cokali, a ba yaro. A Afirka Kaposi yana kama mata da ƙananan yara fiye da yadda ake gani a Turai, kuma a jikin yara yakan fara da kumburin kaluluwa. Mai ciki ta je awo a gwada ta. In tana da cutar ta sha magani, da yardar Allah ɗanta zai fito lafiya.

Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta sanya wa hannu a 2024 abu ne mai kyau, amma gwajin rana ɗaya ba ya wadatar da rayuwa, kuma takardar bogi da wasu ke saye cin amana ne da zai fito fili a jikin matar da 'ya'yanta.

Ma'aikatan lafiya, ku ma ba ku kuɓuta ba. Sau nawa mai HIV ke zuwa karɓar magani, a auna nauyinsa, a cika takarda, a miƙa masa kwalba, ya tafi ba wanda ya ce buɗe bakinka? Minti ɗaya ne da tocila da ɗan katakon danne harshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan cututtukan fata da baki masu alaƙa da HIV tun 2014, kuma ta sa Kaposi a mataki na 4 na cutar HIV, mataki mafi tsanani. Ku sani kuma yana iya fitowa ko CD4 bai faɗi ƙasa da 200 ba, don haka kyawun lamba a takarda bai ɗauke muku duba baki ba. Likitan haƙori da ya ga curi ja a dasashi kada ya tsaya wanke haƙora, ya nemi gwaji, ya tura nama ɗakin bincike.

Wanda bai taɓa gwaji ba, ya je ya yi. Ɗigon jini ne daga yatsa, kafin rabin awa an ba shi amsa, kuma sirri ne tsakaninsa da ma'aikaci. Ke kuma 'yar'uwa, kai kuma ɗan'uwa, da kuka bar karɓar magani saboda kunya ko tafiya ko jin sauƙi, ku koma asibitinku a wannan makon, ko da kati ya ɓata. Ku faɗi gaskiyar watannin da kuka yi ba ku sha ba, ku nemi a auna muku CD4 da yawan bairas a jini, kuma kada ku tashi daga gaban likita sai ya duba muku baki.